Ampilin da Ba Ya Mutuwa Sai a Ɗakin Dada

Na daɗe ina gyaran rediyo da talabijin a kasuwar Garwa, kuma mafi yawan abin da ya bi ta hannuna na manta da shi. Wani zai tare ni a hanya ya ce ni na gyara masa kaza shekarun baya, in yi murmushi in ce haka ne, alhali ko fuskarsa ban tuna ba. Amma akwai wani ampili guda ɗaya, baƙi, mai nauyin tsiya, wanda har in koma ga Mahaliccina ba zai fita a raina ba, domin saura ƙiris ya raba ni da sunana a garin da aka haife ni.

Ampili dai shi ne akwatin nan da ke ƙara wa rediyo ƙarfin murya kafin ta fito ta lasifika. Wannan na wani Alhaji ne mai sayar da atamfa a sari, Bahaushe irinmu, cikin waɗanda kakanninsu suka zo fatauci suka zauna. A Duwala ya sayo shi, na hannu ne daga Turai, kuma yana ji da shi kamar ɗan fari. Da a falonsa yake. To, mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Dada, kunnenta ya yi nauyi, ga azumi ya shigo tana son jin tafsiri, sai ya ɗauke shi ya kai mata ɗaki. Wannan shi da kansa ya gaya mini ranar da ya fara kawo shi, yana faɗa yana ƙarawa, don in san cewa ba kayan wasa ya ajiye mini ba.

Azumin shekarar a tsakiyar bazara ya faɗo. Wanda bai taɓa yin bazara a Garwa ba, ba zai gane abin da nake nufi ba. Kwanon rumfa kan yi zafin da in ka kai hannu sai ka janye, kogin Binuwai ya ja da baya ya bar yashi, mutane na tafe da bakin da ya bushe da zuciyar da ke kusa. A irin wannan lokaci ko sallama aka yi maka da ƙarfi sai ka ji kamar neman faɗa ne.

Da na buɗe ampilin na ga fiyus ya ƙone, kuma manyan tiranzisto na ɓangaren hagu, waɗanda ke ɗaukar nauyin sautin, sun soye. Ba sabon abu ba ne. Na cire su na wurga cikin kwalin tarkace kamar yadda na saba, na sa sababbi daga cikin waɗanda ake shigo mana da su ta garin Mayo-Ulo. A kan allon ciki, daidai ƙarƙashin ramukan shan iska na murfin, na lura da wani tabo fari-fari mai ɗan kore, kamar an zuba ruwan kanwa ya bushe. Na ce a raina ai laimar Duwala ce, kayan da ya zauna a bakin teku ba ya rasa irin wannan. Na goge shi da sifirit da tsohon buroshin haƙori, na haɗa ampilin ta kwan fitila, wato dabararmu ta masu gyara don in akwai sauran matsala kwan ya shanye wutar kada sababbin kaya su ƙone. Kwan ya yi lumshi ya lafa. Na kunna shi ya wuni yana karatu a rumfata, har tela maƙwabcina, wani Kirista mutumin duwatsu da muka shekara da shekaru muna jingine da juna, ya ce ya kusa haddace surar. Alhaji ya zo ya ɗauka yana ta sa albarka.

Ba a yi nisa ba sai ga shi ya dawo, ampili a bayan mashin, fuska babu annuri. Ya ce da rana tsaka ya fara ƙara kamar ana suyar ƙosai, sai ya yi wani gurnani, sai ɗif. Na buɗe. Fiyus ya tafi, tiranziston hagu sun sake soyewa, kuma tabon nan ya dawo a daidai inda na goge shi.

Na ce, “Alhaji, ruwa yana taɓa wannan abin?”

Ya kalle ni kamar na zage shi. “Ruwa? A wannan bazarar? Rabon sama da ɗigo tun yaushe? Ko kana nufin a gidana ana wanka da shi?”

Na ce ba haka nake nufi ba. Na tambaye shi wutar gidan, na tambaye shi wayoyin lasifika, na tambaye shi ko yara na shiga ɗakin. Ya ce wuta lafiyarta lau, firij da fanka duk suna aiki, ya kawo lasifikun na auna su da mita ban sami komai ba, kuma ya ce ya kafa doka babu yaron da ke kusantar wurin. Na sake gyarawa. Wannan karon ban bar kusurwar da ban bi ba. Duk wani liƙin dalma da na ga ya yi sanyi na sabunta shi, na ƙwanƙwasa allon da gindin sukundireba ko akwai abin da ke kwance, na rufe shi da buhu ya yi zafi don in ga ko zafi ne ke kashe shi. Ko gezau. A rumfata ampilin nan lafiyarsa ta fi tawa.

Duk da haka da ya ɗauka ban samu natsuwa ba. Ruwa ba ya tsami banza, kuma na san ban gano abin da ke kashe shi ba, gawar kawai nake ta tayarwa.

Zuwansa na uku shi ne wanda har yau ban manta ba. Da hantsi ne, kasuwa ta cika, har da mutanen garin Pitowa da suka shigo sayayyar Salla. Alhaji bai yi sallama ba. Ya dire ampilin a kan teburina da ƙarfin da sai da ƙananan sukurori suka yi tsalle, ya ja da baya zuwa tsakiyar layi inda kowa zai ji shi. Ashe kafin ya zo ya biya wurin wani mai gyara a wata unguwa, wanda ya buɗe ya ce masa tiranziston da ke ciki ba na asali ba ne.

“Jama'a ku zama shaida!” in ji shi. “Na kawo wa wannan mutum kayana na Turai, ya kwashe na asali ya zuba mini na banza. Shi ya sa yake ta mutuwa. A cikin azumi! Mutum yana salla yana cin amana!”

Na miƙe tsaye. Na ce na asalin sun ƙone ne tun ranar farko, shi ya sa na canza. Ya ce to ina suke, in fito da su. Na juya ga kwalin tarkace, sai na tuna masu sayen tsofaffin ƙarafa sun kwashe shi. Na tsaya hannu sake, baki buɗe, kuma duk wanda ya ga tsayuwar nan tawa ya ga tsayuwar marar gaskiya. Alhaji ya ce in ban fito masa da kayansa kafin Salla ba, sai dai mu haɗu a komisariya, wato ofishin 'yan sanda. Ya hau mashin ya tafi ya bar ni da idanun mutane.

Mu Hausawan Garwa ba mu da yawan da magana za ta ɓace a cikinmu. Masallacinmu ɗaya, a suna da jana'iza fuskokin nan ne dai. Kafin la'asar mutum biyu sun zo sun karɓi rediyonsu ba a gyara ba, ɗaya ya ce wai tafiya ce ta kama shi, ɗayan ko ƙarya bai tsaya yi mini ba. Washegari wani dattijo abokin mahaifina ya wuce ta gaban rumfata ya ɗauke kai. Wannan ya fi komisariya yi mini ciwo. Mai gyara ba shi da jarin da ya wuce a yarda a bar masa kaya a juya baya, kuma wannan yardar ce na ga tana tsiyaya a gabana.

Tela ne ya leƙo bayan mutane sun ragu, tef a wuya. Ya ce, “Maƙwabci, ni ban san kuran ba, wutar lantarkin nan taku, allura na sani. Amma in riga ta zauna daidai a shagona, ta je gida ta yage a wuri ɗaya har sau uku, ba ɗinkin zan ƙara dubawa ba. Kujerar da mutumin ke zama zan je in duba.”

Na ce ai nan gizo ke saƙar. Ampilin a ɗakin tsohuwa yake, can cikin gida, kuma gidan Alhaji ba a shiga. Ko ƙannensa maza a zaure suke tsayawa. Ya ɗaga kafaɗa ya ce shi dai abin da ya gani ke nan, ya koma kan kekensa.

Na sake gyara ampilin karo na uku, da kayana, ba wanda ya sa ni. Na ɗaura shi a mashin na nufi gidan da sassafe. Alhaji ya fito zaure ya same ni, bai miƙo hannu ba. Na ce masa ban zo faɗa ba, abu ɗaya nake roƙo: a bar ni in kai shi inda yake zama da hannuna, in zauna a gabansa har in ga abin da ke kashe shi.

“A gidana?” in ji shi. “Ka cuce ni a kasuwa, yanzu kuma cikin iyalina kake son shiga?”

Na ce, “Alhaji, ka kira ni ɓarawo a gaban mutane. Ko alƙali yakan bar wanda ake tuhuma ya ga wurin da aka ce ya yi laifin.”

Muryoyinmu sun tashi fiye da yadda muka sani, don har tsohuwar da ba ta ji sosai ta fahimci ana rigima a zaure. Sai ga wata yarinya ta leƙo ta ce Dada na tambaya ko mai gyaran ne. Aka ce shi ne. Ta koma ta dawo ta ce, in ji Dada a shigo da shi, ita da ta yi jika da shi wane kulle ne ya rage mata, kuma ta gaji da azumi babu karatu. Alhaji na huci, amma ba yadda zai yi. Uwa ta yi magana. Ya shiga ya sa matan gida suka shige ɗakunansu, sannan ya dawo ya ce in biyo shi, ya ƙara da cewa in ampilin ya mutu a gabana daga nan sai komisariya, in kuma bai mutu ba to ya tabbata na tsorata na maido da na asalin. Gaba kura, baya sayaki. Na ɗauki ampilina na bi shi kaina a ƙasa.

Ɗakin Dada ƙarami ne, mai rufin kwano, da taga ɗaya. Gado, tabarma, randa a kusurwa, sai ɗan teburin da ampilin ke zama a kai tsakanin lasifika biyu. Ita kuma 'yar tsohuwa ce siririya, fara, Bafulatanar uwa ce ta haife ta, Hausarta na gauraye da Fulatanci. Ta ce, “Jam na, kana lafiya, ɗan nan? Kai ne likitan malamina?” Haka take kiran ampilin, malaminta. Na durƙusa na gaishe ta. Na auna wutar bango, daidai take. Na bi wayoyi da hannu har ƙarshensu, babu inda ɓera ya ci. Na ɗaga kai na dubi rufi, babu ko huda. Na duba bayan tebur ko akwai ƙadangare ko kyankyaso da ke shiga, wayam. Na haɗa, na kunna, murya ta cika ɗaki, tsohuwa ta lumshe ido tana jan carbi.

Muka zauna, ni a bakin ƙofa, Alhaji a kan kujera yana kallona, ni ina kallon ampili. Rana ta ɗaga, kwano ya fara ƙara, gumi na bin bayana. Lokaci-lokaci in tashi in ɗora tafin hannu a murfin. Ya yi zafi ƙwarai, amma zafin da aka gina shi ya ɗauka ne. Ban taɓa roƙon Allah ya lalata abin da na gyara ba sai ran nan, don in bai mutu a idona ba, ba ni da abin da zan nuna. Na lura Dada takan dubi ampilin, ta dubi ɗanta, ta gyara zama kamar mai son yin wani abu tana jin nauyin baƙo. Ban kawo komai a raina ba.

Aka kira azahar. Alhaji ya miƙe ya ce in tashi, ba zai bar ni a cikin gidansa ba. Muka bar karatu na tashi muka tafi masallacin ƙofar gida. Allah ya yafe mini sallar nan, don jikina ne kawai ke sahu. Ana sallamewa na ce mu koma. Ya ce saurin me nake, na ce ban sani ba.

Tun daga tsakar gida na jiyo shi. Ƙarar nan ta suyar ƙosai, tana tsarga muryar mai tafsiri. Na wuce Alhaji da gudu. Abin da na gani daga bakin ƙofa har yanzu yana nan a idona: an yayyafa wa simintin ɗakin ruwa don ya yi sanyi, an shimfiɗa wa ampilin wani ƙaramin tawul jiƙe sharkaf, ruwa na bin gefensa yana ɗiga, ga Dada tsaye babu takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti, ta miƙa hannu za ta gyara wa tawul ɗin zama a kan murfin ƙarfe.

Ban yi sallama ba, ban cire takalmi ba. Na daka tsawar da ban san ina da ita ba, “Dada, kar ki taɓa!” Na faɗa ɗakin da silifas ɗina na roba, na take mata tabarmar salla, na ture ƙwaryar ruwan da ke ƙasa, na fizge filogi daga bango. Sautin ya yanke. Wani ɗan wari na ƙuna ya tashi. Tsohuwa ta ja da baya ta zauna daɓas a bakin gado tana salati.

Kafin in juya na ji an shaƙe mini wuyan riga ta baya. Alhaji ne, idanunsa jawur. “Uwata ka daka wa tsawa? Da takalmi a ɗakin uwata?” Ya ɗaga ɗaya hannun. Na ga marin na zuwa, ban kare ba, na dai nuna masa teburin na ce, “Duba.”

Ya duba. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ɗigar ruwa daga tawul zuwa siminti. Hannunsa ya sauka a hankali. Na zare rigata daga hannunsa, na ɗage tawul ɗin, na kwance murfin a gabansa. Ruwa ya bi ta ramukan shan iska ya taru a kan allon, a daidai wurin da tabon nan ke fitowa, gefen tiranziston hagu.

Alhaji ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, “Dada, ke kike sa masa wannan?”

Ta ce, “To me zan yi? Tun safe yake yi mini karatu, in na taɓa shi kamar mai zazzaɓi. Ni ina jiƙa zanena in lulluɓa, ina jiƙa wa randa buhu, shi in bar shi ya ƙone? Bawan Allah yana ta ƙoƙari.” Ta dube ni. “Wani lokaci ma yakan ɗan cije ni a yatsa in na sa masa. Na ce zafin ne ya sa shi faɗa.”

Da na ji “yakan ɗan cije ni” sai na gane wutar lantarki ce ke jan ta. Wato ba yau ta fara jin wutar ba, Allah ne kawai bai ƙaddara ba. Na tambaye ta me ya sa ba wanda ya taɓa ganin tawul ɗin. Ta ce ai in ya yi shiru yakan huce, sai ta ɗauke abinta ta shanya, kafin ɗanta ya dawo daga kasuwa. Na durƙusa a gabanta na ba ta haƙurin tsawar da na yi, na yi mata bayani a hankali, da ƙarfi kuma don ta ji, cewa shi wannan malamin zafi abincinsa ne, ruwa kuwa ajalinsa ne, kuma yana iya zama ajalin wanda ya taɓa shi. Ta riƙe baki tana ta innalillahi.

Na ɗauka magana ta ƙare. Ashe da saura. A zaure Alhaji ya tsayar da ni, ba ya iya haɗa ido da ni. Ya ce ya ga abin da ya faru, batun komisariya ya wuce, in sake gyarawa zai ɗauki nauyin komai. Sannan ya ce, “Amma wannan magana ta mutu a nan. Ba za a zauna a kasuwa ana dariya ana cewa uwata ta yi wa rediyo wanka ba.”

Na ce, “Alhaji, ni kuma fa? A kasuwa ka faɗa.”

Ya ce mutane mantuwa gare su, in yi haƙuri, bayan Salla ba wanda zai tuna. Ya shige gida.

Na koma rumfa da baƙin cikin da ya fi na da. Da ban san gaskiya ba, yanzu na san ta kuma an ɗaure mini baki. Ba don Alhaji na yi shiru ba, wallahi da don shi ne da tun a hanya na fara shela. Fuskar tsohuwar nan ce ke tsaya mini, yadda ta ce bawan Allah yana ta ƙoƙari. Na san 'yan kasuwarmu, da sun samu wannan labari har ta mutu ba za a daina ba'a da shi ba, har jikokinta sai an laƙaba musu suna. Tela ya tambaye ni ko na ga kujerar, na ce na gani, ya ce to, na ce ba zan iya faɗa ba. Sai ya ce Allah ya fid da ni. Na gyara ampilin, na ɗaura masa 'yar fanka a baya don tsohuwa ta ga ana yi masa fifita hankalinta ya kwanta, na aika da shi. Ana ta hada-hadar Salla, layinmu cike, rumfata kuwa sai ƙuda. A gida matata ta daina zuwa unguwa don gudun tambaya.

Jajiberin Salla da hantsi ina zaune ina kwance wata tsohuwar rediyo tawa don kada a ce ba na komai, sai na ga mutane na darewa. Mota ce ta tsaya a bakin layi, abin da ba a saba ba. Aka buɗe, sai ga Dada ta fito da sanda, lulluɓe da mayafi fari, Alhaji na biye da ita kamar wanda za a kai makaranta ranar farko. Daga baya na ji cewa uwargidan Alhaji ce ta gaya mata abin da aka yi mini a kasuwa, don ita Dada duk zatonta rigimar gyara ce kawai. Tsofaffin kasuwa suka ce rabon da su ga ƙafarta a nan tun mijinta na da rai.

Ta tako har gaban teburina. Na zabura zan durƙusa, ta ce in tsaya. Ta juya ga ɗanta ta ce, “A ina ka tsaya ran nan?” Ya nuna tsakiyar layi da haɓa. Ta ce, “Je ka tsaya.” Mutum mai furfura a gemu, mai shaguna, ya je ya tsaya. Kasuwa ta yi tsit, har tela ya tsayar da keke.

Da yake ba ta jin muryarta sosai, da ƙarfi take magana, ba wanda bai ji ba. Ta ce, “Ni na kashe abin nan, ba yaron nan ba. Jiƙaƙƙen tawul nake sa masa don na ga yana jin zafi. Wanda zai yi dariya ya yi, na tsufa da jin kunyar wauta. Yaron nan ya san haka, ya rufa mini asiri, ya bar ku kuna kiransa ɓarawo. Kuma ba don shi ba da yanzu kun yi sadakar ukuna.” Ta maimaita da Fulatanci don waɗanda Hausa ba ta ishe su ba. Sannan ta nuna ɗanta da sanda. “Saura kai.”

Alhaji ya cire hula ya mayar. Ya ce, “Jama'a, abin da na faɗa a kan wannan bawan Allah ba gaskiya ba ne. Na zalunce shi. Ina roƙonsa gafara a gabanku.” Ba wanda ya yi dariya, ko mutum ɗaya. Ni kuwa da na yi kwanaki ina tanadin maganganun da zan gasa masa, na neme su na rasa. Na buɗe baki in ce na yafe, sai kuka ya ƙwace mini, ƙato da ni, a tsakiyar kasuwa.

Ba kowa ne ya dawo ba, kada in yi muku ƙarya. Akwai waɗanda suka ji zargin ba su ji janyewar ba, kuma har yau in mun haɗu ina ganin abin a idonsu. Magana zarar bunu ce. Amma na ci gaba da sana'ata a rumfar nan da kaina a sama, kuma da Dada ta rasu ina cikin waɗanda suka ɗauki makararta.

Abin da na koya shi ne, in abu ya lalace a hannun mutane, kafin ka nemi mugu ka fara tambayar yadda ake zaune da shi, don sau da yawa ba mugunta ce ke ɓata abu ba, ƙauna ce da ba ta san hanya ba. Na kuma koyi cewa sunan mutum a inda aka zubar da shi ake kwashe shi, ba a zaure ba, kuma ba kowa ne ke samun tsohuwar da za ta yarda a yi mata dariya don a wanke ɗan wani ba. Shi ya sa tun daga ran nan, ko da idona na ga abin da ya yi kama da sata, nakan riƙe bakina sai na shiga ɗakin na gani.